Babi na Bakwai: Ƙidayar Shiru a Rubutaccen Kiɗa

A rubutaccen kiɗa shiru yana da alamarsa kamar yadda sauti yake da tasa, kuma yana da tsawon da aka auna masa. Idan mai tsara kiɗa ya so wani mabushi ya sauke ƙahonsa na ɗan lokaci, yakan sa masa alamar da ke faɗin adadin bugun da zai yi bai busa ba. A wannan tsakani kiɗan yana nan yana tafiya a hannun wasu, ko kuma a zukatan mutane idan kowa ne ya yi shiru. Aikin wanda aka ce ya dakata shi ne ya riƙe lissafi, don ya dawo daidai kan bugun da aka ajiye masa, ba kafinsa ba, ba bayansa ba.

Masu daka sun san wannan tun kafin a zo da takarda. Idan mata uku suna lugude a turmi ɗaya, kowace taɓarya tana ɗaukar lokaci a sama fiye da wanda take yi a cikin turmi, amma lokacin da take sama ma a ƙidaye yake. Wadda ta yi gaggawar saukewa za ta gwara taɓaryar 'yar'uwarta, wadda ta yi nawa kuma za ta bar gurbi, luguden ya watse.

A Jalingo, wadda ta zama babban birnin Jihar Taraba a ranar 27 ga Agusta, 1991, masu buƙatar wannan ilmi suna da yawa fiye da yadda ake zato. Akwai 'yan badujala da ke kiɗan fareti a ranar 1 ga Oktoba da ranar yara ta 27 ga Mayu, da masu yi wa masu bautar ƙasa kiɗan maci a sansaninsu na Sibre. Akwai ƙungiyoyin mawaƙa na majami'u, na Methodist da na Katolika da sauransu, waɗanda ke rera waƙa da muryoyi huɗu, sau da yawa da Hausa, domin ita ce ke haɗa Mumuye da Jukun da Fulani da sauran al'ummun garin. Akwai kuma samarin Boys' Brigade, ƙungiyar da William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, ta iso Nijeriya a 1908, ta zama makarantar farko ta ganga da begila ga yara maza da dama. Masu koyarwa a irin waɗannan wurare sun san cewa ɗalibi yakan gane sautuka da wuri. Inda yake daɗewa yana tuntuɓe shi ne wurin tsayawa da wurin shiga.

Rubuta shiru ya zo ne bayan rubuta sauti. Guido na Arezzo, wani malamin majami'a a Italiya a ƙarni na 11, shi ake danganta wa tsarin jera sautuka a kan layuka, amma rubutun zamaninsa yana nuna hawa da saukar murya ne kawai. Da aka fara haɗa muryoyi daban-daban a waƙa ɗaya, sai ya zama tilas kowace murya ta san tsawon jiranta. A ƙarni na 13 Franco na Kolon ya rubuta littafi a kan waƙa mai awo, inda ya ba kowane irin shiru alama da tsawo. Alamomin yau jikokin waɗancan ne.

Alamomin da tsawonsu

Kowace ƙwayar sauti tana da takwararta ta shiru mai tsawo ɗaya da ita. A Nijeriya sunayen Ingila ake bi, don haka su za a yi amfani da su a nan, bisa awo mai bugu huɗu a kowane gida. Gida shi ne filin da ke tsakanin tsayayyun layuka biyu a kan layuka biyar na kwance da ake rubuta kiɗa a kansu.

Shirun semibirib bugu huɗu ne. Ɗan baƙin tubali ne da ke rataye a ƙarƙashin layi na huɗu, idan an ƙirga daga ƙasa. Shirun minim bugu biyu ne, kuma siffarsa ɗaya da na farko, sai dai shi yana zaune ne a kan layi na uku. Waɗannan biyu su suka fi ruɗa sabon shiga, domin dukkansu a fili ɗaya suke, tsakanin layi na uku da na huɗu, bambancinsu kawai shi ne wannan a rataye, wancan a zaune. Shirun kurocet bugu ɗaya ne, alamarsa wani lanƙwasasshen zane ne a tsaye. Shirun kuweba rabin bugu ne, ya yi kama da lamba 7 mai ɗan dunƙule a kai. Idan dunƙulen biyu ne, semikuweba ke nan, rubu'in bugu. Ɗigo a gaban kowace alama yana ƙara mata rabin tsawonta, don haka shirun kurocet mai ɗigo bugu ɗaya da rabi ne.

Akwai abu biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, alamar semibirib tana da aiki na biyu: idan ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar gida, tana nufin a yi shiru gidan gaba ɗaya, ko nawa ne bugunsa. A awo na 3/4 bugu uku take nufi, a 2/4 biyu, a 6/8 kuma kuweba shida. Wanda ya haddace cewa wannan alama huɗu ce a ko'ina zai riƙa makara da bugu guda a kowane gidan shiru na waƙa mai bugu uku. Na biyu, tsofaffin takardun da aka buga a Ingila suna rubuta shirun kurocet da wata siffa ta daban, kamar lamba 7 da aka juya ta fuskanci ɗaya gefen. Wannan siffa tana dab da ta kuweba, kuma har yanzu ana cin karo da ita a tsofaffin littattafan waƙa da takardun maci da aka yi ta kwafa hannu zuwa hannu. Idan an yi shakka, a tara tsawon duk abin da ke cikin gidan. Lissafin zai nuna wace ce.

Ƙidaya a cikin gida

Ƙa'idar ɗaya ce: baki ko zuciya ba sa daina ƙidaya don hannu ya daina aiki. A gida mai bugu huɗu da ke da sauti a bugu na ɗaya da na biyu da na huɗu, shiru a na uku, ɗalibi zai faɗi lambobin huɗu da ƙarfi ɗaya, ya tafa a uku daga cikinsu, ya buɗe tafukansa a na ukun. Buɗe hannun yana da amfani, domin yana sa jiki ya yi wani abu a lokacin shirun maimakon ya sake.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gutsure shiru. Mutum yana jin kamar an bar shi a fili, sai ya yi sauri ya cike gurbin, shirun bugu ɗaya ya koma kashi uku cikin huɗu. Idan haka ta faru sau takwas a waƙa, waƙar ta yi gaba da bugu biyu, kuma sauran 'yan ƙungiya sukan bi mai gaggawa ba tare da sun lura ba. Kuskure na biyu kishiyar wannan ne, wato barin sauti ya malala cikin shiru. Minim da ya fara a bugu na ɗaya yana ƙarewa ne daidai lokacin da aka faɗi "uku". Shiru yana da mafari kamar yadda yake da ƙarshe, kuma mawaƙa talatin da suka rufe baki a lokuta daban-daban sun ɓata shi tun kafin ya fara.

Mai ƙidaya da Hausa yana da wata sa'a. Daga ɗaya har goma kowace lamba gaɓa biyu ce, don haka idan aka faɗe su a daidaice, ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu, kowane bugu ya rabu biyu da kansa. Gaɓar farko tana kan bugu, ta biyu tana kan rabinsa. Wannan yana warware matsalar masu busa ƙahonin tsakiya a kiɗan maci, waɗanda aikinsu a yawancin lokaci shi ne shirun kuweba, sautin kuweba, shirun kuweba, sautin kuweba, gida bayan gida. Tuba da babbar ganga suna faɗuwa a kan "ɗa" da "bi", su kuma suna amsawa a kan "ya" da "yu". Idan ɗayansu ya daina jin gaɓar farko a ransa, cikin gida huɗu zai zame ya koma busa tare da tuba, macin ya yi nauyi. A awo na 6/8, inda kowane babban bugu ke rabuwa uku, sai a ƙara gaɓa guda a bayan lambar, ko a ƙirga shidan ɗaya bayan ɗaya idan kiɗan na tafiya a hankali.

Sanannen misali na shiru a bakin ƙofa shi ne simfoni na biyar na Beethoven, wanda aka fara kaɗawa a Biyana a 1808. Sautukan nan huɗu da duniya ta sani ba a kan bugu suke farawa ba. Abin da ke farkon takardar shirun kuweba ne, sa'an nan gajerun sautuka uku su biyo, su faɗa kan dogon. Makaɗan da ba su ji wannan rabin bugu a jikinsu ba ba za su shiga tare ba.

Dogon shiru

Idan shirun ya kai gidaje da yawa, ba a zana kowane gida. Ana ja baƙin layi mai kauri a kwance, a rubuta lamba a samansa. Lamba 16 tana nufin gida goma sha shida. A awo na 4/4 bugu 64 ke nan, kuma idan ana tafiya a bugu 120 a minti, kamar yadda ake yi a maci mai sauri, daƙiƙa 32 ne. A faɗe ba su da yawa, amma sun ishi hankali ya tafi kasuwa ya dawo.

Hanyar da makaɗa ke bi a ko'ina ita ce a maye gurbin bugun farko na kowane gida da lambar gidan. Ana cewa ɗaya, biyu, uku, huɗu. Biyu, biyu, uku, huɗu. Uku, biyu, uku, huɗu. Har a kai ƙarshe. Ta haka baki ɗaya yana riƙe lissafi biyu, na bugu da na gida. A nan ne Hausa ke karɓe sa'ar da ta bayar, domin daga goma sha ɗaya lambobin sun yi tsawo, kuma babu mai iya cusa "ashirin da bakwai" cikin rabin daƙiƙa. Maganin shi ne yatsu. Babban yatsa yana taɓa gaɓoɓin sauran yatsu huɗu, gaɓa uku-uku, hannu ɗaya ya ba da goma sha biyu, kamar yadda masu tasbihi da hannu suka saba. Wasu sun fi son raba dogon shirun zuwa takwas-takwas, su naɗe yatsa guda a kowane takwas, kuma wannan ya fi dacewa da maci da waƙoƙin majami'a, waɗanda galibi aka gina su a kan jimloli masu gida huɗu ko takwas. Shiru mai gida 24 sai ya zama takwas sau uku, kuma kunne zai ji sauyin jimla a daidai inda yatsa ya naɗe.

A kan tafiya, ƙafa ce ke riƙe lissafi. A maci mai awo 2/4 ƙafar hagu tana sauka a bugun farko na kowane gida, don haka wanda ke jiran gida takwas zai ƙirga saukar hagunsa sau takwas, ya shiga a ta tara.

Takardar kanta tana iya yaudara. Mabushi a fareti yana karatu ne daga ɗan kati da aka maƙale a jikin ƙahonsa, sau da yawa kwafin kwafi ne, tawada ta dushe, gumi ya taɓa gefensa, rana kuma tana dukan ido. A irin wannan kati lamba 3 da 8 sukan zama ɗaya. Ya kamata tun a wurin atisaye kowa ya bi lambobin dogon shirunsa da fensir ya fito da su, ya gwada su da babbar takardar jagora, wadda ke ɗauke da layin kowa. Haka nan a duba ko awo ya sauya a tsakiyar shirun, domin idan ya sauya akan raba layin kashi biyu, kowanne da lambarsa, kuma ƙidayar tana sake farawa daga ɗaya. A duba alamar maimaici: shiru mai gida takwas a sashen da ake maimaitawa sau biyu za a ƙirga shi, kuma wani lokaci zagaye na biyu yana da ƙarshe dabam. A duba kuma gidan da ke bin dogon shirun. Sau da yawa shi ma yana farawa da shirun bugu uku, shigar tana kan na huɗu. Mutane da dama sukan ƙirga gida goma sha shida lafiya lau, su zo su faɗi a kan wannan ƙaramin.

Daƙiƙun ƙarshe na shiru na shiri ne. Mabushi yana ɗaga ƙaho gida biyu kafin shigarsa, ya daidaita leɓe, ya ja numfashi a bugun da ke kafin nasa. Wanda ya bari sai lambar ƙarshe ta fita daga bakinsa sa'an nan ya ɗaga ƙaho ya riga ya makara.

Kunne da ido

Makaɗan gargajiya ba su da takarda, amma sun ƙware a jira. A ƙofar fadar Sarkin Muri a Jalingo, kamar sauran fadojin Arewa, mai algaita yana iya busa ba yankewa, domin yana jan iska ta hanci yana tura wadda ya tara a kumatu, shi kuwa mai kakaki gajeren kirari yake busawa ya sauke, ya jira lokacinsa. 'Yan amshin Mamman Shata ko na Musa Ɗankwairo ba lamba suke ƙirgawa ba. Sun san zagayen kalangu ko kotso, sun san yadda ubangidansu ke sauke murya idan ya zo ƙarshen ɗan waƙa, sai su karɓa. Wannan kunne dukiya ce, kuma mai koyon takarda da ya taso da shi kada ya yar. Masu buga takardun kiɗa ma sun yarda da shi, shi ya sa kafin shiga mai wuya sukan sa ƙananan sautuka masu nuna abin da wani kayan kiɗa ke yi a lokacin. Ba a busa su, don a ji ne a tabbatar lissafi bai kauce ba. Inda ba a sa ba, mabushi yana iya rubuta wa kansa da fensir cewa tirampet na shiga a gida na tara.

Amma kunne shi kaɗai ba ya isa a rubutaccen kiɗa. Ɗan amshi yana bin mutum ɗaya da ya daɗe da sani, mai takarda kuwa yana iya fuskantar kiɗan da bai taɓa ji ba, kamar yadda ya faru ga matasan makaɗa da yawa a watan Mayu na 2024, lokacin da Nijeriya ta koma tsohon takenta na 1960 ta ajiye na 1978, wanda Benedict Odiase na badujalar 'yan sanda ya tsara wa kiɗa. Wanda yake jiran maƙwabcinsa ya shiga sa'an nan ya bi, kullum a baya yake da ɗan kaɗan, kuma ran da maƙwabcin ya ɓata, tare za su ɓata. A fili mai faɗi kuma kunne yana ƙarya. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, don haka wanda yake nesa da babbar ganga da mita 85, abin da ba wuya a filin wasa na Jolly Nyame, yana jin bugunta bayan rubu'in daƙiƙa. A saurin maci wannan rabin bugu ne cif. A irin wannan wuri ido ake bi, wato sandar jagora ko hannunsa.

Akwai shirun da ba a ƙirgawa. Idan aka ɗora alamar tsawaitawa, wato ɗan baka mai ɗigo a ciki, a kan shiru, tsawonsa yana hannun jagora. Haruffan G.P. suna nufin kowa da kowa ya yi shiru. Kalmar Latin "tacet" kuma tana gaya wa makaɗi cewa ba shi da aiki a wannan sashe gaba ɗaya. A simfonin Dvořák na 1893 da ake kira na Sabuwar Duniya, mai busa tuba yana da aiki a sashe na biyu ne kawai cikin huɗu, shi ma 'yan sautuka kaɗan.

Mawaƙan majami'a da solfa

Yawancin ƙungiyoyin mawaƙa a majami'un Nijeriya ba layuka biyar suke karantawa ba, solfa suke bi, tsarin da Sarah Glover ta fara a Ingila, John Curwen ya gyara ya yaɗa daga shekarun 1840, mishan suka kawo shi Afirka. A solfa sautuka haruffa ne, d, r, m, f, s, l, t. Tsayayyen layi yana buɗe gida, ɗigo biyu suna raba bugu da bugu, ɗigo ɗaya yana raba bugu kashi biyu, karan ɗori kuma yana nufin a ci gaba da riƙe sautin baya. Shiru ba shi da alama ko kaɗan. Gurbi ne kawai da aka bari fayau tsakanin alamomin bugu.

Wannan yana da haɗarinsa, musamman idan malamin waƙa ya kwafa a allo da alli, ko aka buga a kwamfuta aka matse gurabun. Bugun da ba komai a cikinsa yana iya ɓacewa daga ido, ko a ɗauke shi a matsayin karan ɗori da aka manta. Mai karanta solfa sai ya ƙirga alamomin rabuwa, ba haruffa ba: gida mai bugu huɗu yana da gurabe huɗu, ko da biyu daga ciki babu kowa. Masu bes da teno su suka fi shan wannan, domin su ake yawan sa wa jira har sofarano su buɗe jimla.

Gwajin da kowace ƙungiya ta sani yana ƙarshen waƙar Halleluya ta cikin Messiah, wanda Handel ya tsara a 1741 aka fara rerawa a Dublin a 1742, kuma ake yawan rerawa a lokacin Kirsimeti da Ista. Bayan muryoyi huɗu sun yi ta maimaita kalmar da sauri da ƙarfi, sai kowa ya yanke a lokaci ɗaya, a yi tsit, sa'an nan a rufe da ita a hankali. Murya ɗaya da ta zarce cikin wannan tsit duk majami'a za ta ji ta. Malaman waƙa sukan sa a zagaye wurin da fensir, a kuma ɗaga ido daga takarda tun gida biyu kafin a iso.

Horon da ya fi amfani ba ya buƙatar kayan kiɗa. Ƙungiya ta zauna da takardunta, jagora yana ba da bugu da hannu, kowa yana ƙidaya da baki, yana tafawa a inda yake da sauti kawai. Daga nan a rage murya zuwa raɗa, sa'an nan ƙidayar ta koma zuci. Metironom, na'urar ba da bugu da Johann Maelzel ya yi wa rajista a 1815, yanzu ana iya samunsa kyauta a wayar hannu, kuma ana iya gwada kai da shi: a kunna, a ƙirga gida biyu, a toshe sautin ana ci gaba da ƙidaya na gida huɗu, a buɗe a ji ko har yanzu ana tare. Yawancin masu farawa sukan tarar sun riga shi. Minti goma na wannan a farkon kowane atisaye sun fi maimaita waƙa sau goma daga farko, domin maimaicin yana koyar da waƙa ɗaya ce kawai, ƙidayar kuwa tana aiki a kowace takarda da za a ɗora a gaban makaɗi.